Mai Walda da Batir a Ƙirji

A layin masu gyaran motoci, idan ka ce kana neman mai walda, shago uku za a nuna maka. Amma idan ka ce Tartsatsi kake nema, ko makaho ya kai ka, don amon gudumarsa kan riga shi gaisawa da mutane. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin jama'a. Gajere ne kakkaura, damatsansa duk tabon ƙuna, kuma bai taɓa mallakar rigar da ta yi wata guda ba tare da wuta ta huda ta ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi a shago ɗaya, da injin walda ɗaya mai amfani da lantarki. Ƙofofi yake yi, da tagogi, da gadaje, da matakala. Ba ya rubuta suna a jikin aikinsa, ya ce ɗinkin waldarsa ya isa sa hannu. In suna tafiya da matarsa a gari, sai ya tsaya a ƙofar gidan mutane yana shafa ƙarfe yana cewa, "Wannan tawa ce." Ita kuwa ta yi gaba kamar ba ta san shi ba.

Tsallaken titi, daidai ƙofar shagonsa, akwai wani dogon mutum siriri mai gyaran lagireto da salansar mota. Shi da gas yake walda: tukwane biyu a kan amalanke, tiyo biyu, da ɗan shuɗin harshen wuta da bai wuce tsawon yatsa ba. Saboda wannan 'yar wutar Tartsatsi ya laƙaba masa suna Kyandir, sunan kuma ya bi shi. Kullum da safe sai ya ɗaga murya daga nasa ɓangaren.

"Kyandir! An kunna fitilar? A kula kada iska ta kashe ta!"

"An kunna," in ji Kyandir. "Kai ma a kula kada a ɗauke wuta, ka zauna kana kallona."

Haka suke tun gashinsu yana baƙi. Kowace safiya kuma masu wucewa sukan ce, "Tartsatsi, ya aiki?" Shi kuwa ya amsa ba tare da ya ɗaga gilashin fuskarsa ba, "Aiki da godiya." Ya sha jin wannan gaisuwa har ba ya lura da ita.

Ciwon ya fara da jiri. In ya sunkuya ya ɗago, sai shagon ya juya masa. Ya ce hayaƙi ne. Hawa 'yar gangarar gidansa ya fara sa shi haki, ya ce takalmi ne ya yi nauyi. Mai taurin kai ba ya rasa abin ɗora wa laifi. Ran nan da hantsi yana wanke hannu a bakin famfo, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Kyandir ne ya tsallako a guje, ya tare mota, ya kai shi asibiti.

Likitar mace ce, ba ta kai babbar 'yarsa shekaru ba. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo, ta sa aka manna masa wayoyi a ƙirji, wata na'ura ta fito da doguwar takarda mai zane-zane.

"Baba, zuciyar mutum takan buga sau sittin zuwa ɗari a minti ɗaya," in ji ta. "Taka sau talatin da huɗu take yi. Jini ba ya isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ka suma."

"Me ya lalace a ciki?"

"Zuciya tana da nata lantarkin. Daga samanta umarni yake fitowa, ya bi wata hanya kamar waya ya sauka ƙasa, sannan ta buga. Taka wayar ce ta fara tsinkewa."

"To a yi mata walda mana."

Likita ta yi dariya. Ta ce ba a walda a can, amma akwai wata 'yar na'ura mai batir, ba ta kai kwalin ashana ba. Za a sa ta ƙarƙashin fata, ƙasa da kafaɗar hagu, a zura wayarta ta jijiya har cikin zuciya. Aikinta saurare. Duk lokacin da ta ji zuciya ta yi jinkiri, sai ta ɗan taɓa ta da lantarki, ta buga.

Kwana huɗu ya yi a ɗakin masu ciwon zuciya kafin aikin, kuma kafin kwana biyu ya gama binciken kowa. Na gadon dama direba ne da kitse ya toshe wa jijiyar da ke kai wa zuciya jini, aka zura masa ɗan bututun raga aka buɗe ta. Tartsatsi ya ce wannan aikin mai gyaran famfo ne. Na kusa da taga tela ne, ƙofar cikin zuciyarsa ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya, yana jiran a sauya masa ita. Tartsatsi ya ce bawul ne ya mutu. Akwai kuma wani tsoho da hawan jini ya gajiyar wa zuciya har ƙafafunsa suka kumbura, ana ba shi maganin fitar da ruwa, yana ta zirga-zirgar banɗaki. "Duk cikinku ni ne mai sauƙi," in ji Tartsatsi. "Ni matsalar waya ce kawai."

Aikin bai kai awa biyu ba, kuma idonsa biyu aka yi, allurar kashe zafi kawai aka yi masa. Washegari ya ji kansa garau kamar an wanke masa gilashi. Ranar sallama likita ta zaunar da shi, ga matarsa, ga babbar 'yarsa. Ita wannan 'yar shugabar makaranta ce, kuma tun tana ƙarama uban yake kiranta Hukuma, don in ta yanke magana ta yanku. Ta fito da littafi da biro.

Likita ta fara lissafi. Kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa na 'yan makonni. Kada ya sa wayar salula a aljihun ƙirji. Ya riƙa zuwa ana duba batir, wanda zai kai shekaru kafin a sauya. Ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. Duk yana gyaɗa kai.

"Sai na ƙarshe. Baba, waldar lantarki ta ƙare. Kada ka riƙe ta, kada ka tsaya kusa da injin yana aiki."

"Na wata nawa?"

"Har abada."

Ya ji Hukuma ta ja layi biyu a ƙarƙashin maganar, ƙarar biron ta shiga masa har cikin haƙori.

A gida aka kafa masa kujera a baranda, da matashi, da ruwa a gefe. Mutane suka yi ta zuwa dubiya, kowa ya zo da fuskar tausayi. "Sannu Tartsatsi, ya jiki?" Makwabta, ya jiki. Masu gyaran mota, ya jiki. Mako shida, babu mahaluki ɗaya da ya yi kuskuren ce masa ya aiki. Sai a lokacin ya san daɗin waccan gaisuwar, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai. Jikinsa ya fi shekara biyar bai yi ƙarfi irin na yanzu ba, amma an mai da shi abin lallaɓawa.

A kujerar nan ya yi tunaninsa irin na masu walda. A saninsa, duk abin da walda ke cutarwa, tare shi ake yi. Haske yana cin ido, a sa baƙin gilashi. Tartsatsin wuta yana ƙona hannu, a sa safar fata. To in walda tana cutar da batir, ai batirin za a rufe. Likita ta san zuciya, amma ina ta san walda?

Ya ce zai fita tafiyar da likita ta ce. Ya buɗe shago, ya yanko fallen ƙarfe mai kauri, ya lanƙwasa shi da guduma daidai faɗin ƙirjinsa, ya huda gefe huɗu, ya sa maɗaurin fata, ya shimfiɗa tsohon bargo a ciki. Kwana uku yana yi, aikin kuwa ya yi kyau. Kyandir ya leƙo ya gan shi sanye da shi.

"Wannan kuma fa? Yaƙi za ka?"

"Sulke ne. Koma wajen fitilarka."

"Tartsatsi, ka ji tsoron Allah. Matar nan ta ce ka bari."

"Ta ce in bari don ba ta san akwai sulke ba."

Ya kunna inji. Gurnanin da ya yi kewarsa ya cika shagon. Ya sauke gilashi, ya ɗora tsinken walda a kan ƙarfe, farin haske ya tashi. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ɗinkin bai kai tsawon tafin hannu ba sai hasken ya fara nisa, ƙafafunsa suka zama ba nasa ba. Kyandir, wanda bai koma ko'ina ba, ya fizge wayar injin daga bango. Tartsatsi ya faɗi a kan sulkensa, ƙarar ta kai ƙarshen layi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ya farfaɗo tun kafin a kai asibiti, da goshi a fashe. Likita ta duba na'urar, ta ce lafiyarta lau. Sannan ta ɗaga sulken, wanda Kyandir ya taho da shi, ta juya shi gaba da baya.

"Aikin ya yi kyau, Baba. Amma ba tartsatsi ne matsalar ba, ba kuma haske ba. Ka san maganaɗisu yana jan ƙusa ko da takarda a tsakani? Lantarkin walda yana tayar da irin wannan ƙarfin a kewayensa, kuma yana bi ta hannunka da jikinka. Na'urar tana jinsa, sai ta zaci zuciyarka ce ke bugawa, ta yi shiru. Ita ta yi shiru, zuciya ta yi shiru. Wannan ƙarfen ba ya tare shi. Yau an cire waya da wuri, shi ya sa muke magana."

Sannan ta ce, "Ni ban san sana'arku ba. Babu wata waldar da ba ta amfani da lantarki?"

Kyandir yana tsaye a bakin ƙofa. Tartsatsi ya dube shi, ya kawar da kai.

"Babu," in ji shi.

Kyandir ya girgiza kai, ya fita waje.

A ranar nan Hukuma ta sayo kwaɗo mai girman dunƙulen hannu, ta datse shagon, ta jefa makullin a jakarta. Da ta dawo gida ta durƙusa a gabansa yadda ta saba.

"Baba, ka yi haƙuri, ka yi fushi da ni in ka ga dama. Sau biyu ana kirana a waya ana cewa ka faɗi. Ba zan jira na uku ba. Mun girma, za mu riƙe gidan nan. Kai dai ka zauna."

"Ni kika kulle wa shago?"

"Na kulle, Baba."

Ya so ya yi faɗa, sai ya ga idonta irin nasa ne sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya koma kujerarsa, aka ci gaba da ya jiki.

Matarsa ce ta gaji da ganinsa. Ita ma shekara goma sha biyu tana fama da hawan jini, kowace safiya ƙwaya ɗaya, ba ta taɓa tsallakewa ba ko da ta ji garau. Ran nan ta ajiye masa abinci, ta tsaya a kansa.

"Maigida, ka san na ji ƙaryar da ka yi wa likita?"

"Wace ƙarya?"

"Shekara talatin ina kawo maka abinci shago, kana ganin ban san abin da Kyandir yake yi ba? Ni da aka ce in rage gishiri, daina girki na yi? Na koyi wani hannun ne kawai. Kai kuwa ka gwammace ka ruɓe a kujera da a ce ka tsallaka titi."

"In je in riƙe fitila? Layi duka su yi mini dariya?"

"Su yi mana. Yanzu tausayinka suke ji. Zaɓi ɗaya."

Ta tafi ta bar shi da cokali a hannu. Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce.

Ranar duba batir ya tafi shi kaɗai. Ya gaya wa likita cewa akwai waldar gas, wuta ce zalla, babu waya, babu inji. Ta yi masa tambayoyi, ta ce wannan ba ta da matsala ga na'urar, muddin yana nesa da injin lantarki in yana aiki, kuma in ya ji jiri ya kashe wuta ya zauna.

"To ki rubuta mini a takarda, ki buga hatimi," in ji shi. "Ina da 'yar da ba ta jin magana sai rubutacciya."

Daga asibiti bai zarce gida ba. Ya sauka a bakin layi, ya wuce shagonsa da kwaɗonsa, ya tsallaka titi. Taku goma sha biyu ne, amma bai taɓa yin tafiyar da ta yi masa tsawo haka ba. Kyandir yana durƙushe a kan wani lagireto.

"Kyandir."

"Na'am."

"Koya mini."

Ya shirya wa dariya, ya shirya wa habaici, don ya san ya ci bashinsu. Kyandir ya dube shi kawai, ya jawo wani benci da ƙafa, ya ce, "Zauna. Wannan tukunyar ake fara buɗewa, ba waccan ba." Durƙusa wa wada dai ba gajiyawa ba ne, balle wadan nan ya fi shi tsawo.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Hannunsa ya saba da gaggawa, ita kuwa wutar gas lallashi take so. Sai ka jira ƙarfe ya yi ja, ya narke ya taru kamar ɗigon ruwa, sannan ka tura shi gaba a hankali. Ranar farko ya huda falle bakwai. Masu gyaran mota suka taru suna kallo, wani ya ce, "Yau Tartsatsi ya zama ɗan kyandir!" Aka yi ta dariya. Ya ɗago ya ce, "Ku yi ta yi. Wanda salansarsa ta fashe zai zo ya same ni." Ya lura dariyar ba ta kashe shi ba, har ta fi masa sannu daɗi. Mako uku yana fita tafiyar likita yana dawowa da warin gas a riga, matarsa tana wankewa kamar ba ta ji warin ba. A mako na huɗu Kyandir ya shafa wani ɗinki da ya yi, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Wannan taka ce."

Washegari da safe suka turo amalanken tukwanen suka tsallaka titi. Tartsatsi ya aika a gaya wa Hukuma ta biyo ta shago kafin ta wuce makaranta, don ba ya son a ce ya yi a ɓoye. Ta iso ta tarar da layi ya cika, ga ubanta da baƙin tabarau, ga shuɗiyar wuta a hannunsa.

"Baba! Me kake yi?"

Ya miƙa mata takardar da hannu ɗaya. "Karanta. Da hatimi."

Tana karantawa ya ɗora wutar a wuyan kwaɗon. Ƙarfen ya yi ja, ya yi fari, ya zubo, kwaɗon ya faɗi ƙasa tim. Ya kashe wuta, ya tura ƙofa. Ga injinsa na shekara talatin da huɗu, ƙura ta rufe shi. Ya dafa shi kamar yadda ake dafa kafaɗar aboki, ya naɗe wayarsa da kansa, ya ce wa Kyandir ya tura shi can ƙarshen layi a bai wa mai waldar da nasa injin ya ƙone. Sulken kuwa ya rataye shi a ƙusa saman ƙofa, inda zai riƙa ganinsa.

Hukuma ta karanta takardar sau biyu. Ta dubi injin da ake turawa, ta dubi ubanta. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Da ka tambaye ni makullin, Baba, yana jakata."

"Na sani. Ba makulli nake nema ba."

"In ka sake faɗuwa fa?"

"In na ji jiri zan zauna, na yi wa likita alkawari, na yi miki. Wancan injin kuwa ni da shi har abada. Zuciyar nan an sa mata batir ne don ta yi aiki, 'yata, ba don ta yi gadin kujera ba."

Ta sunkuya ta taɓa kwaɗon, ta janye hannu da sauri don da sauran zafi. Wani direba ya kutso da salansa a kafaɗa yana tambaya ko an buɗe. Tartsatsi ya karɓa, ya juya ta, ya sa yatsa a inda ta fashe, ya jawo benci. Ya buɗe tukunya ta farko, ya ƙyasta wuta, ya daidaita ta har ta koma shuɗiya.

Hukuma ta ninke takardar ta sa a jaka kusa da makullin. Ta yi taku biyu za ta tafi, sai ta juyo, ta ɗan rusuna.

"Baba, ya aiki?"

Bai ɗaga tabarau ba, don kada a ga idonsa.

"Aiki da godiya," in ji shi.